Jar Ƙasa a Bangon Gidan Duwan

Falalu ɗan Damagaram ne, ɗan magini jikan magini, kuma sai da ya shekara ashirin da bakwai a duniya kafin ya ga teku da idonsa. Ya yi karatun zanen gine-gine a Lyon, ya samu aikin gwaji a wani ƙaramin biro, wato ofishin masu zanen gini, a Paris, ya kama ɗaki a Montreuil. A satinsa na uku mai biron, wata dattijuwa mai furfura da kowa ke kira Madam, ta tura shi Portivel ya auno mata tsohon gidan duwan.

Portivel ɗin nan ba wani babban gari ba ne, mutanensa ba su cika dubu uku ba. Yana maƙale a bakin tekun yamma, a wani lungu tsakanin duwatsu biyu. A da jiragen gishiri da na kifi ke cika tasharsa, yanzu kuwa ƴan kwale-kwale ne da ba su wuce goma sha biyar ba. Gidajen duk na baƙin dutse ne, ƙofofinsu ƙanana, sun juya wa iska baya, lungunan kuma matsattsu har suka tuna masa da unguwar Birni ta Damagaram. Ruwan ne ya fi ɗaure masa kai. Da safe ya cika tashar fal, kafin azahar ya janye ya bar jirage kwance a taɓo.

Gidan duwan yana can ƙarshen tashar, inda a da ake karɓar harajin jiragen. Hawa biyu ne, ya shekara ɗari uku, shi ne abin da masunta ke fara hangowa in sun dawo. Bangonsa mai kallon teku ya fara shan ruwa, don haka Madam ta tsara a lulluɓe shi da siminti mai hana ruwa shiga. Hukumar garin ta riga ta sa hannu.

Falalu yana cikin awo sai ya yi abin da hannun ɗan magini ke yi ba tare da an sa shi ba. Ya zaro makullin ɗakinsa ya soka tsakanin duwatsu biyu. Ɗan farin shafen da ke sama ya ɓare, sai ga jar ƙasa, danya. Ya murza ta a yatsa, ya sunsuna. Ya gwada wuri biyar, duk haka. Takardun biro sun ce dutse ne da farar ƙasa har ciki. Ƙarya suke, da laka aka ɗora duwatsun nan. Ya zana komai a littafin awonsa, ya rubuta ra'ayinsa a ƙasa, ya sa kwanan wata, sannan ya kira mahaifinsa Malam Ilya ya haska masa bangon a waya.

"Ƙasa ce a cikinsa?" in ji tsohon. "To ai ɗan gidanmu ne. Kada ku toshe masa hanci. Ginin ƙasa in ka sa masa rigar siminti, ruwan da ya shiga ta sama ko ta gindi ba ya samun mafita, sai ya ruɓe a ciki kana ganinsa lafiya lau. Ka ga bangon su Alhaji Moutari ai. Damina biyu kawai ya yi."

Ya gani kuwa. Yana yaro bangon ya zube, siminti da komai.

To, nan fa ake yin ta. Yaya za a gaya wa Madam? Matar nan ta girmi uwarsa, shekara talatin tana aikin, da hannunta ta zana tsarin. Shi kuwa yaron sati uku, ko kujerarsa bai ɗumama ba. A gidansu ba a tsayawa gaban babba a ce masa ya yi kuskure, ko da kuwa ya sa riga a bai-bai. Sa'ansa ake nema ya faɗa masa a asirce, mutunci ya tsira, gyara ya samu. Falalu ya kwana uku yana juya abin, sai ya tuna da Karim, tsohon malaminsa na Lyon, wanda suka yi aji ɗaya da Madam. Wallahi har ya ji sanyi a ransa.

Ranar Jumma'a ya nemi izini, ya hau jirgin ƙasa, ya sauka Lyon, ya kama tram, ɗan jirgin cikin gari, zuwa unguwar Villeurbanne inda Karim ke koyarwa, da ƙunshin kilishi a jaka. Karim ya tarbe shi da murna. Falalu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar da ke masa ciwo, ya tambayi ɗalibai, ya yi godiyar karatu. Maganar da ta kawo shi ya ajiye ta sai wajen rakiya, yadda ake yi, don babbar magana a bakin hanya ake sakinta bayan an bar idon mutane. Kaico! Wa ya gaya masa ana rakiya a Villeurbanne? Minti ashirin na cika Karim ya miƙe, ya buɗe ƙofa, ga ɗalibai uku a layi.

"Monsieur," in ji Falalu cikin sauri, "akwai ɗan abin da na gani a Portivel, wajen bangon nan, da za ka ɗan yi wa Madam magana…"

"Ah, Portivel ta ba ka? Très bien! Kada ka damu, yau zan kira ta."

Ya dafa kafaɗarsa, ɗaliba ta shige, ƙofa ta rufe.

Ranar Litinin Madam ta tsaya a teburinsa tana murmushi. "Karim ya kira ni a kanka," ta ce. "Na ji." Ta wuce.

Falalu ya ce alhamdu lillahi, saƙo ya isa. Ya jira a canja tsari. Sati ya wuce, biyu suka wuce, ba a canja ko layi ɗaya ba. Sai ya ce wa kansa shiru ma magana ce: an faɗa mata, ta auna, ta yanke. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta yiwu simintin Turawa daban ne. Bai yarda da wannan ba ko kaɗan, amma ya riƙe shi don ba shi da wani abin riƙewa. Kuma shi aka ba zanen ƙarshe. Da hannunsa ya zana rigar simintin, ya rubuta kaurinta. A wata na uku aka tabbatar masa da aiki.

Daga nan bai ƙara samun kwanciyar rai ba. Kullum da safe a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafin ya duba saƙon gida, sai ya duba ko ana ruwa a Portivel. Kuma garin nan, Allah ya sani, ruwa ne aikinsa. Sau ɗaya ya tashi ya je har ƙofar Madam. Ta ɗago ta ce, "Oui, Falalu?" Amma maimaita wa babba magana ai raini ne. Ya tambaye ta wace takarda za a sa a injin bugawa, ya koma ya zauna yana jin haushin kansa.

A Fabrairun shekara ta biyu iska da ruwa suka kwana uku suna dukan gaɓar. Da safiyar na huɗu bangon ya kumbura ya zube, ya ja rabin benen ya faɗa cikin tashar. Allah ya taƙaita, ba kowa a ciki. Hotunan suka iso biro kafin ƙarfe goma: siminti ya ɓalle falle-falle, a bayansa jan taɓo na kwarara kan duwatsun tashar, tsofaffin garin sun jeru cikin rigunan ruwa suna kallo. Wata tsohuwa ta rufe bakinta da hannu. Falalu ya ji kamar shi ya tura bangon.

Masu bincike suka nemi duk takardun awo. Ya ɗauko littafinsa, ya buɗe shafin, ya kama gefensa. Yagewa ba ta fi ƙiftawar ido ba. Bai iya ba. Ya kai shi yadda yake.

Da la'asar Madam ta kira shi. Littafin na buɗe a gabanta, yatsanta a kan rubutunsa.

"Ƙasa ce a ciki, siminti zai kashe shi," ta karanta. "Goma sha huɗu ga Oktoba. Ka sani, Falalu. Tun kafin a kai buhu ɗaya ka sani."

"Na aika, Madam."

"Ka aika? Wa ka aika?"

"Monsieur Karim. Na je Lyon. Kin ce ya kira ki, kin ce kin ji."

Ta tuno da kiran. "Ce mini ya yi kai yaron kirki ne, in riƙe ka. Shi ke nan abin da ya ce." Ta cire tabarau ta ajiye. "Ka tafi har Lyon? Teburinka taku shida ne daga nawa."

Ya so ya yi mata bayani. Ya nemi ta inda zai fara, da Faransanci ko da Hausa, bai samu ba. Da faɗa take yi da ya fi masa sauƙi, amma baƙin ciki ne a muryarta.

"Da ka shigo ka faɗa mini, da a ranar na tsayar da aikin. A ranar. Ina son gidan nan tun ina yarinya." Ta jira. "Dube ni mana, Falalu. Ko yanzu ma ka dube ni ka yi magana."

Ya yi ƙoƙari, Allah shi ne shaida. Amma babba na magana, kuma idonsa ya ƙi barin ƙasa.