Gyaran Muryar Mushe Bitrus

Ba a daɗe da binne mijinta ba Laraba ta fara jin abin. Tana tsakar gida da hantsi tana tsince shinkafa, sai ta ji an yi gyaran murya a bayanta, mai kaushi, kamar ana jan buhu a kan siminti. Ta waiwaya. Ba kowa, sai kujerarsa ta roba a jikin bango.

Mijin nata, Mushe Bitrus, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, malamin lakwal ne, wato makaranta, a Sabon Garin Damagaram, shi ne kuma mai ba da waƙa a majami'arsu. Kowa ya san muryarsa, kowa kuma ya san inda yake nufa in an tashi daga aiki: wata mashaya mai shingen kwano a bayan tasha. Bai taɓa dawowa yana tangaɗi ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, shi ya sa ta yi shekaru tana gaya wa kanta cewa nasa shan mai sauƙi ne.

Sai murya ta soma dishewa. Aka ce sanyi ne, aka yi ta citta da zuma. Tuwo ya fara tsaya masa, aka koma kunu, daga baya kunun ma ba ya wucewa sai ya yi wannan gyaran muryar. Da suka je gidan likita aka ce sankara ce a maƙogwaro, ta riga ta yi nisa. Likitan ya ce giya na cikin abubuwan da ke buɗe wa wannan ciwo hanya, ko da mutum ba ya buguwa. Bitrus ya mutu ba ya iya kiran sunanta.

Ta gaya wa matar fasto abin da take ji, aka yi mata addu'a, bai daina ba. Takan ji shi a layin famfo. Takan ji shi a majami'a, a ɗan shirun da ke tsakanin baiti da baiti. Har ta koya wa kanta kada ta waiwaya.

Wata Alhamis tana Kasuwar Dole tana tayin busasshen tumatir, ta ji shi dab da kunnenta. Ta ƙanƙame jakarta, ta ƙi juyawa. Sai aka sake, aka kuma bi shi da sallama.

Lawali ne, baduku daga unguwar Birni, abokin Bitrus tun suna samari. Musulmi ne mai iyali, ba ya rasa jam'i, amma ta san ta ƙofar baya yake shiga mashayar nan. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tambaye ta ya haƙuri, muryar tana fitowa rabi iska. Ta ga yadda yake ɗan miƙa wuya kafin ya haɗiyi miyau. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya yi murmushi ya ce ƙurar jima ce, yana shan zuma.

Ta kwana biyu tana juya maganar. Yaya za ta shiga gidan mutum a Birni ta ce maigidan yana sha? Daga ƙarshe ta yafa gyale ta hau kabu-kabu.

Ta tarar da matar Lawali, Lubabatu, tana tace koko a ɗan kofi, ga tukunyar tuwo a gefe ba a taɓa ba. Laraba ta yi ta kewaye-kewaye, ta ba da labarin ciwon Bitrus tun daga farko. Da ta zo kan abin da likita ya ce, sai bakinta ya yi nauyi.

"Faɗi, Yaya," in ji Lubabatu, ba ta ɗago ba. "Ni nake wanke masa riga. Kin zaci ban san warin ba?"

Lawali ya ƙi zuwa likita. Ya ce ba zai zauna gaban yaro sa'ar ɗansa a tambaye shi abin da zai zubar masa da mutunci ba. Laraba ba ta yi gardama da shi ba. Kullum da safe sai ta je rumfarsa ta zauna a kan tabarma, tsakanin jajayen fatu, ta gaishe shi, ta zuba wa wuyansa ido. Ran da ruwa ya sarƙe shi a gabanta har idanunsa suka kawo ƙwalla, shi da kansa ya ajiye basilla ya ce su tafi.

Ciwon ne. Amma likita ya ce bai kai na Bitrus ba, a gaggauta zuwa Yamai, kuma kada ya ƙara kusantar giya. Ba wanda ya yi musu alkawarin komai.

Ta raka su tasha da soyayyen gari a leda, ko da ta san ba zai iya ci ba. Lubabatu ta riga ta shiga mota. Lawali ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya yana kallon shingen kwanon nan da ke hange daga inda suke. Ya yafito ta, ta matso don ta ji.

"Madam, ba mu biyu kaɗai ne a bencin ba," ya ce. "Akwai Ado mai walda. Akwai Abdulmumin na gidan waya. Shi Abdulmumin ya daina cin tsire tun azumi, ya ce haƙori ne."

Yaron mota ya buga ƙofa, motar ta ja. Laraba ta tsaya har ƙura ta kwanta. Ta san gidan Abdulmumin, can unguwar Karkada, ta taɓa zuwa sunan ɗiyarsa. Matarsa mace ce mai zafi, ba lalle ta bar ta ta gama magana ba. Rana ta take, ga shi ba ta ɗora komai a wuta ba. Ta gyara gyalenta, ta ɗaga wa mai kabu-kabu hannu.