Tsanin Injiniya

"Ba haka na zana maka ba," in ji Injiniya, yana tsugune a kan tsanin da ke kwance a ƙofar shagon walda. "Dubi matakan nan, duk a karkace suke."

Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi. "Kai ka ce in karkata su, Injiniya. Ka ce in an jingina tsanin da bango za su kwanta daidai da tafin ƙafa. Jingina mu gani."

Aka jingina, matakan suka kwanta daidai. Injiniya ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake nufi ke nan.

Bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. Sunan ya samo asali ne daga wata rediyo da ya kwance tun yana saurayi, wadda har yau ba ta sake magana ba. Aikinsa na gaskiya shi ne kula da sito a shagon gwaggonsa, inda ake sayar da bokitai, kujerun roba da kwanuka. Siton yana sama, can ƙarƙashin rufi, kuma hanyarsa ɗaya ce: wani tsohon tsani mai matakan bututun ƙarfe sirara, masu santsi, wani kusa da wani, wani kuma sai ka buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata. Babu mai hawansa sai Injiniya. Gwaggo, da nauyinta da ciwon gwiwarta, ko kallonsa ba ta son yi.

Wannan tsani shi ne rufin asirinsa. A bayan tarin kujerun roba yana da katifa, da matashin kai, da ƙaramar fanka da ya ja wa waya ta cikin rufi. Kullum rana ta take sai ya ce, "Gwaggo, bari in hau in shirya kaya." Kayan nan shekara da shekaru ana shirya su, ba su shiryu ba. In ya sauko da la'asar, ido ya kumbura, sai Gwaggo ta tausaya masa ta ce ƙurar sito ce.

Abu ɗaya ke ɓata masa jin daɗi: bututun nan suna cin tafin ƙafarsa. Makon da ya wuce ma ya zame, ya sauko da mazaunai cikin wani baho, matarsa ta kwana biyu tana gasa masa ƙugu tana dariya. Zuciya ta ɗebe shi, ya zauna ya yi zane. Matakai masu faɗi, a shimfiɗe, yadda ƙafa za ta zauna gaba ɗaya. Tazara iri ɗaya daga ƙasa har sama, don kada ƙafa ta yi lalube. Robar tsohuwar taya a kan kowane mataki, da zanenta, saboda santsi. Sannan mariƙin hannu a gefe biyu har ya wuce bakin sito. A faɗi gaskiya, zanen ya yi kyau. Tunda yake bai taɓa yin abin da ya kai shi ba.

"Wannan kam ko tsohuwa ta hau," in ji mai walda yana goge hannu.

Injiniya ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Ya sa aka ɗora tsanin a baro, yana biye yana gaya wa duk wanda ya tsaya kallo dalilin robar taya.

A shago ya kafa shi da kansa, ya hau ya sauko, ya sake hawa ba takalmi, ya sauko da baya yana magana. Mai shagon fenti na kusa ya zo ya gwada. Wata mata da ta zo sayen bokiti ita ma ta taka mataki biyu ta ce kamar benen asibiti. Injiniya sai bayani yake, baki ya ƙi rufuwa.

"Gwaggo, taka ɗaya kawai ki ji," ya ce. "Gwiwa ba ta ma sanin an hau."

"Rufa min asiri, ɗan nan."

"Wallahi ɗaya kawai. Riƙe nan."

Ta riƙe, ta taka. Ta tsaya tana sauraron gwiwarta, gwiwa ba ta ce komai ba. Ta taka na biyu. A na huɗu ne murmushin Injiniya ya fara bushewa.

"To ya isa haka, Gwaggo, kada jiri ya ɗebe ki."

"Wane jiri? Ai ka yi mariƙin hannu."

"Akwai ƙura a sama. Da ɓeraye."

"Bari in gaisa da su, sun daɗe suna zaune min kyauta."

Ƙafafunta suka ɓace a bakin sito. Ya tsaya a ƙasa riƙe da tsanin da ba ya bukatar riƙo. Ya ji ana jan kujerun roba. Ya ji shiru. Daga nan sai ya ji ƙarar da ya fi kowa sani a duniya: fankarsa ta tashi.

Ya jira tsawa, ba ta zo ba. Can sai fuskar Gwaggo ta leƙo, ta cire ɗankwali, tana shan iska.

"Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Ashe haka kake wahala a nan kullum."

"Gwaggo, dama zan gaya miki..."

"Ba sai ka gaya min ba. Daga yau ka huta, ni zan riƙa shirya kayan. Kai ka tsaya a kanta wurin ciniki. Ga mai bokiti can tana jiranka, kuma kada ka rage mata ko sisi."

Fuskar ta koma ciki. Katifa ta yi ɗan kuka.

Da la'asar, ƙafafunsa sun yi tsami da tsayuwa, ya saci jiki ya kira mai walda a waya. Ya yi ƙasa da murya ya tambaye shi ko tsohon tsanin nan da ya bar masa yana nan.

"Wanne? Mai bututu?" in ji mai walda. "Ai kai ka ce in yanka shi, kada ya sake kayar da wani. Da shi na yi maka mariƙin hannun."