Masaukin da Ke da Tsohuwa a Ƙofa

Ƙanena Isufu ya shigo gida da la'asar riƙe da wani ɗan littafin hotuna mai sheƙi, yana tafe yana ɗaga kai kamar shi ya buga shi. A shekara ta huɗu da samun mulkin kai ne. Yana aikin allurar dabbobi a nan Tawa, an zaɓe shi ya je ƙaro ilimi Faransa, aka kuma yarda ya tafi da matarsa. Shugabansu, wani Bature da kowa ke kira Mushe, ya ce idan karatu ya ƙare su je hutu wani ɗan tsibiri a cikin Bahar Rum. Shi ya ba shi littafin, otel-otel ne a ciki, su zaɓa.

Matsalar ita ce matar, Hajaratu. Tun da jaririnta ya rasu da damina, ta zama kamar an zare mata magana. Takan yi daka, ta yi shara, ta amsa gaisuwa, shi ke nan. Yarinyar da a da ba ka wucewa da ƙullin kaya ba ta tambaye ka abin da ke ciki ba! Ni Zalika abin yana ci mini rai ƙwarai. Isufu ya yi mata zancen tafiyar har ya gaji, amsarta ɗaya ce: yadda aka ce. Inna Balki kuwa, mahaifiyarmu, ta rantse ba za a ɗauki 'yar mutane a tsallaka ruwa da ita ba sai ta buɗe baki da kanta ta ce tana so.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi. Hajaratu tana can gefe tana tsince wake.

"Inna, dubi wanga," in ji Isufu. "Shi Mushe ya hi yabo. Bene huɗu, ga teku bakin ƙohwa."

Inna ta kai littafin nesa da ido, ta dawo da shi kusa. Farin gini ne ƙato, ga kujeru jere a ƙarƙashin laima, ga wani tafki mai kusurwa huɗu da aka ɗaure da siminti.

"Ina mutanen gidan?"

"Inna, hoto na."

"Na ga hoto na. Mutanen nika tambaya."

Ya buɗe na gaba. Zauren cin abinci ne, tebura da fararen ƙyallaye, kwanuka a kife, ba ko kyanwa. Na gaba kuma gado ne shimfiɗe lumui, taga a buɗe. Ni kaina na fara mamaki. Na karɓi littafin na bi shi shafi-shafi ina neman ko takalmin wani a bakin ƙofa, ban samu ba.

"Annoba anka yi garin?" na tambaya.

"Haba Yaya! Da gangan anka hidda mutane. Turawa shiru suka saye. In ka ga wuri wayam, shi na mai daraja."

"Ko dai mai gidan marowaci na," in ji Inna. "Gidan da aka cin abinci ba ya rasa mai zama ƙohwa. Kai da ka yi boko lakkwal, hwaɗa mini, wa za ya ce muku sannu da zuwa? Kujera?"

Isufu ya yi ta bayani har da hannuwa. Ya ce akwai ma'aikata, ka danna wani abu su zo, ka sallame su su tafi. Ya rage murya ya ce shirun ma shi yake nema wa Hajaratu, ta huta, ba mai damunta. Na san ƙauna ce ta sa shi, amma na ji kamar in ƙwale masa kai. Shiru ne ya yi mata kaɗan a gidan nan?

Can na lura duk lokacin da ya zo ƙarshen littafin, sai ya danne shafi ɗaya da babban yatsa ya tsallake. Ni kuwa ba a yi mini haka. Na fizge na buɗe.

Ɗan hoto ne ƙarami a ƙasan shafi, ko launi babu. Gidan dutse ne irin na ƙauyukan Adar, da 'yar ƙofa, da igiyar shanya an rataya tufafi. Ga jaki ya shigo da rabin kansa cikin hoton. A kan dakali wata tsohuwa ce zaune, baƙaƙen kaya tun daga kallabi har ƙafa, da kwano a cinya.

"Yawwa!" Inna ta ce. "Ga gida."

"Wannan ba otel na ba sosai, Inna. Ɗakuna ukku na, wata tsohuwa taka ba da haya. Na masunta na."

"Mi taka ɓarewa cikin kwanon?"

Duk muka juya. Hajaratu ce. Ban san lokacin da ta taso ta tsaya a bayana ba, faifan wake yana hannunta. Na miƙa mata littafin a hankali, don kada in kore ta. Ta durƙusa ta ƙura wa hoton ido.

"Awa wake na," ta ce. "Su ma suna da wake? To don mi ta sa baƙi duka, da rana tsaka?"

Isufu ya dubi ƙasa. A nan na gane abin da yatsansa ke ɓoyewa.

"Al'adarsu ta," ya ce a hankali. "Mushe ya ce in an yi ma mace rashi, baƙi taka sawa. Wasu hal su mutu ba su tuɓe ba."

Inna ta yi salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, mun ɓata. Isufu ya miƙa hannu zai karɓi littafin, Hajaratu ta ƙi saki.

"Wa ya rasu mata? Miji ko ɗa?"

"Ban sani ba."

"Mushe hwa?"

"Shi ma bai santa ba."

Ta daɗe tana kallon tsohuwar. Sannan ta ɗago ta dubi Inna ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, nan nika so a sauke mu. In yi mata gaisuwa."

"Da wane harshe?" in ji Isufu. "Ba ki jin nata, ba ta jin naki."

"Zama za ni yi kusa da ita, in taya ta ɓarar waken. Haka Inna tay yi mini."

Inna ta ja bakin zanenta ta share fuska, ta ce wai hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Hajaratu ta ɗauki faifanta, ta kai ƙofar madafa, sai ta waigo.

"Yaya, ran kasuwa ki raka ni mu zaɓi cuku mai kyau. Ba a zuwa gaisuwa hannu wohi."