Ranar da Ramatu Ta Ƙi Faɗin Sunan Surukinta

Ashafa ya zo Birmingham ne neman digiri na uku da tallafin gwamnatin jiharsu. Gwamna ya sauka, wani ya hau, tallafi ya ɗauke. Biza ta ƙare, karatu bai ƙare ba, shi kuma ya rantse ba zai koma Gusau hannu Rabbana ba, a ce ga Dokta ya dawo ba dokta.

Shekarun nan ne gwamnatin Ingila ke tsuke bakin aljihu, tana neman wanda za ta ɗora wa laifin talaucinta. Aka ce duk wanda ba shi da takardar zama, ba shi da lasisin tuƙi. Na Ashafa ya mutu. Masu inshora kuma ba sa karɓar mataccen lasisi. Ga shi da motarsa yake ci, yana kai wa mutane kaya gida-gida daga Balsall Heath har Erdington. In aka kama shi, ba tara ce kawai ba, jirgin Abuja ne.

Mai hankali da ya ajiye makulli ya hau bas. Ashafa sai ya hau bas ɗin zuwa Manchester, wurin Salihu, likita ɗan unguwarsu, mutumin da kunya ba ta barin ya ce a'a. Aka mayar da mota sunan Salihu, inshora sunan Salihu, ya dawo da tsohon katin lasisin Salihu a aljihu. Ya haddace ranar haihuwar mutumin da adireshinsa kamar karatun allo.

"To hoton fa, Malam?" matarsa Ramatu ta tambaya.

"Ke dai ba ki san Turawa ba. Duk baƙar fuska ɗaya ce a wurinsu. In an tsare mu, sunana kaza, shi ke nan."

Kaza ya ce, don shi ma bakinsa ba ya son ɗaukar sunan. Salihu sunan mahaifinsa ne. Ramatu kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta shi ba. Duk mai wannan suna, mai sunan Baba take ce masa. Ashafa har tinƙaho yake da wannan a wurin walima, yana cewa tasa matar Ingila ba ta cinye mata tarbiyya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, za su kai wa wata mai jego kular tuwo, 'yar sanda ta tsayar da su a Moseley Road. Fitilar birki ce ta mutu. Ashafa ya miƙa kati, ya karanto hadda tun ba a tambaye shi ba. Matar ta dubi hoto, ta dubi mutum. Salihu mai kumatu ne, Ashafa kuwa kamar an ja shi a tsaye. Ta zagaya tagar Ramatu, ta tambaye ta cikin Turanci, a hankali: mene ne sunan mijinki?

Ramatu ta sunkuyar da kai.

"Faɗa mata," Ashafa ya ce da Hausa, yana murmushin dole.

"Haba Malam. A gabanka?"

"A gabana. Na yafe. Just say it, Ramatu."

"Ai ba kai za ka yafe ba. Mai sunan yana kabari."

"Deporting ɗina za su yi, kina ji?"

Ramatu ta ɗago, ta dubi 'yar sandan da ladabi, ta ce mata da Turancinta mai kyau, sunansa irin na babansa ne.

To mene ne sunan baban nasa, matar ta tambaya.

Ramatu ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

'Yar sandan ba ta yi faɗa ba. Amma abin da ta gani bai kwanta mata ba: mace ce zaune a mota, ta kasa faɗin sunan namijin da ke tuƙa ta, shi kuma yana yi mata raɗa da wani yare. Ta kira abokin aikinta. Ya zo da 'yar na'urar da ake ɗora yatsa. Yatsa ba ya hadda. Sunan Ashafa ya fito, da bizar da ta daɗe da mutuwa.

Aka ɗora mota a bayan babbar mota. Aka sa Ashafa a bayan ƙarama, ta 'yan sanda. Ta taga yake kallon matarsa, bakinsa na motsi, ba a jin me yake cewa, kuma gara da ba a ji ba.

Ramatu ta ɗauki kularta ta taka zuwa tashar bas, don mai jego ba ruwanta, dole ta ci tuwo. Tana tsaye ta kira Asama'u, matar likita, a Manchester. Suka gaisa, ya yara, ya sanyi, ya aiki.

"Yaya Asama'u, dama cewa zan yi a gaya wa Dokta ya shirya. An karɓe motarsa a Moseley Road."

"Wace mota? Ga motarsa nan a ƙofar gida."

"Ɗayar. Da katinsa. Sun ce za su zo su ji daga bakinsa yadda aka yi yana duba marasa lafiya a Manchester, yana kuma dakon kaya a Birmingham."