Mi Ta Ci?

Rabi na tsaka da tankaɗe ta ji an tsayar da amalanke a ƙofar gidan Baba Bube, sai muryar matarsa Inna Fatsuma tana cewa a kama shi a hankali. Ta leƙa ta saman danga. Maza biyu ne ɗauke da tsohon, yawu na dalala a gemunsa, jikinsa na kyarma. A hanyar kasuwar Kusada aka tsinto shi. Wani ya jefa buhun kwalabensa a zaure, ƙararsu ta shige mata har ciki.

Duk Kankia an san Baba Bube da buhun nan. Tun shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, lemon kwalba da madarar gwangwani suka cika gidajen ma'aikata, shi kuma ya bi gida gida yana kwasa. Gwangwani ya kai wa masu ƙera fitilar aci-balbal, kwalba ya wanke da toka da tsakuwa ya sayar wa mata masu man gyaɗa. Mutum ne mai ƙa'ida har ta ishe ka. Bai taɓa karɓar kwalba bai shinshina ta ba, sannan ya tambaya, "Mi ta ci?" Wadda ta ci kananzir buhunta daban.

Shekaranjiya ya yi sallama gidan Rabi, mura ta toshe masa hanci. Mijinta Sada, malamin gona, ya tafi rangadi Dudunni, tuwo kuma na neman kamawa. Ta rarumo wasu kwalabe biyu masu ruwan ƙasa a bayan ɗakin ajiya, ta ɗauraye sau ɗaya ta miƙa masa.

"Mi suka ci, ɗiyata?"

"Man gyaɗa ne, Baba," ta faɗa tana komawa madafa, don dai ya tafi.

"Murfinsu da kyau. Ɗaya zan zuba jiƙon murata a ciki."

Ta ji maganar nan, wallahi ta ji ta, amma hankalinta na kan muciya. Sai jiya da Sada ya dawo yana cigiyar kwalaben maganin feshin auduga, yana cewa ko kaza kar ta taɓa su, ta gane abin da ta ba tsohon. Ta ce masa ba ta gani ba. Ta kwana tana lallashin kanta da cewa ai ta ɗauraye. Da safe ta ɗauki mayafi ta ajiye, ta sake ɗauka, kafin ta fito tsohon ya kama hanya.

Kafin a samo motar asibiti rai ya yi halinsa, dab da la'asar. A wurin gaisuwa kowa da tasa: wasu suka ce zafin rana ne, wasu suka ce farfaɗiyar tsufa. Rabi ta yi ta ɗebo ruwa, ta yi ta wanke-wanke, ana yaba mata maƙwabtaka, yabon na ƙona ta. Kwana biyu ba ta iya haɗa ido da Inna Fatsuma ba. Ɗaya kwalbar kuwa, a saninta, tana nan cikin buhu a zaure.

Ranar sadakar uku Jamilatu mai man gyaɗa ta ce da yamma za ta kwashe kwalaben marigayi, ko Inna ta samu na cefane. Man Jamilatu rabin unguwa ke ci. Rabi ta jira mata suka ragu, ta shiga ɗaki ta durƙusa.

"Inna, kar a ba Jamilatu buhun nan. Akwai kwalba ɗaya ciki. Ni na ba Baba su biyu. Na ce mashi man gyaɗa suka ci, ban duba ba. Maganin auduga ne. Inna, ni ce."

Tsohuwar ta ci gaba da jan carbinta.

"Na sani," ta ce. "Shi ma ya sani. Da aka kwantar da shi ya ce in cire 'yar'uwar kwalbar da ya sha daga buhun tun kafin wani ya taɓa. Ya ce kuma kar in bari maganar ta kai kunnen yarinyar nan, tuwo ne ke kan wuta."

Rabi ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Inna Fatsuma ba ta lallashe ta ba, ba ta kuma kore ta ba. Ta miƙe da ƙyar, ta kama hannunta ta ja ta bayan rumbu. A can, inda ta binne kwalbar, akwai ƙasa sabuwar tono, an dandaɓe ta da tafin hannu, an ɗora tsohon dutsen niƙa a kai. Suka tsaya su biyu, kaji na ta kiwo a gefen dutsen.