Yawun Kaska

Shekara bakwai Dakta ta yi tana bin furotin guda ɗaya. A cikin yawun kaska yake, shi ne ke hana jinin saniya daskarewa yayin da kaskar ke shan abinta hankali kwance. Farfesa, shugaban ɗakin binciken, ya ce duk ranar da aka ga siffar wannan furotin za a iya haɗa maganin toshewar jijiyar jini da shi. Sau biyu ya faɗi haka a rediyo. Ita Dakta ba a taɓa gayyatar ta rediyo ba. Tana ɗakin sanyi na hawa na biyu, sanye da rigar sanyin mijinta a ƙarƙashin farar rigar aiki, hanci na zuba.

Ba kaska ake matsewa ba, kamar yadda danginta suka ɗauka. Bakteriya ake sa wa su ƙera furotin ɗin, a kiwata su a kwalabe, a fasa su da wani furotin na farin ƙwan kaza da ake sayowa a gwangwani, sannan a tace. Tacewa biyu take yi. Ta farko yini ɗaya, ta biyu kwana biyu, don ta fitar da na ƙwan, wanda nauyinsa kusan ɗaya ne da na kaskar. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne furotin ya daskare ya zama kiristal, ɗan mitsitsin abu mai kusurwoyi kamar ƙwayar gishiri, a haska shi da eksire, kwamfuta ta zana siffarsa. Na kaska bai taɓa yarda ba. Ɗigo dubu nawa ta leƙa a madubin ƙara girman abu, ba ta ga komai ba sai laka.

Maƙala ɗaya ta rage mata a ƙara mata girma. Waɗanda ta koya wa riƙe kwalba sun riga ta samun ofis mai labule.

Sai Farfesa ya aurar da 'yarsa, ɗakin binciken ya samu masanin kwamfuta. Ba wanda ya wahalar da kansa wajen riƙe sunansa, Suruki kowa ke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a. Yana da allon kwamfuta uku a teburinsa, a kan kowanne wani furotin mai launi yana juyawa a hankali, baƙi kuma a nan suke tsayawa su yi hoto.

"Anti, ba don na raina ki ba," in ji shi a taron Litinin, "amma tacewar nan ta biyu al'ada ce kawai. Rabin furotin ɗin a can yake salwanta. Na lissafa."

"Kwamfutar taka ta taɓa shiga ɗakin sanyi?"

"Ba ta da mura dai."

Aka yi dariya, Farfesa ya fi kowa. Da ya share hawaye ya ce lokaci ya yi da za a gwada sabon hannu. Dakta ta gaji, kowa na gani, ta koma ta riƙe darasin gwaji na ɗaliban aji biyu ta huta. Suruki zai karɓi aikin kaska.

"Sunana fa, ranka ya daɗe? In maƙala ta fito?"

"Suna ai na wanda ya kawo sakamako ne, Dakta. Ke ma kin sani."

Ta miƙa littattafan aikinta guda tara, da makullin firij, da bakteriyar da ta yi shekara biyu tana lallashi. Suruki ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya saka da alheri.

Mako biyar bayan haka ya same ta tana jera wa ɗalibai kwalabe.

"Anti, zo ki sa mana albarka."

Ta bi shi, ta sunkuya a kan madubi. Ga su nan a cikin ɗigon, manya, garau, gefensu kamar an yanka da reza. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Kowace shekara ɗaliban aji biyu sukan yi kiristal na furotin ɗin ƙwai a darasinsu na uku, don shi ne furotin da ba ya gardama, ko wanda ya zo a makare ya manta rabin umarni sai ya samu. Ta san wannan siffa kamar yadda ta san tafiyar 'ya'yanta daga nesa. Suruki bai taɓa yin aji biyu a wannan fanni ba, lissafi ya karanta. Farfesa kuwa rabonsa da leƙa madubi tun kafin a haifi amaryar.

"Sun yi kyau," ta ce.

"Tacewa ɗaya, Anti. Ɗaya tak."

"Na gani."

Aka aika kiristal inda ake haskawa, lambobi suka dawo. Suruki ya ɗauko siffar da kwamfutarsa ta yi hasashe tun farko ya shiga cusa ta cikin lambobin. Ba ta zauna daidai ba, ya danna nan, ya lanƙwasa can, inda ta ƙi sam ya rubuta cewa wannan sashe yana da motsi. Farfesa ya ce wannan motsin shi ne babban abin da suka gano.

Ranar Asabar da safe ta gaya wa mijinta, malamin lissafi na sakandare, yana soya wa kansa ƙwai don ya ce nata kullum yana ƙonewa.

"Tsaya," ya ce, cokali a hannu. "Wannan da ke cikin kaskon nan?"

"Shi."

"Shi za su kai wa duniya a matsayin kaska?"

"Da hotonsa mai launi."

Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya kashe wuta ya dube ta. "To ki gaya wa Farfesa mana, Maman yara. Mutumin nan ya zo sunan 'yarmu."

"In na gaya masa a ofis, a ofis zai gyara. Ya ce dama yana da shakka. Suruki ya sake tacewa da littafina a buɗe a gabansa, ni kuma ina can ina koya wa yara wanke kwalba."

"To me kike so?"

"So nake ya faɗa da bakinsa, a tsaye, da makirufo."

"Allah ya shirye ki," ya ce, ya tura mata farantin. "Ci kaska."

Wata ƙaramar mujalla ta karɓi maƙalar. Aka sa ranar lacca a babban zaure, aka gayyato baƙuwa daga wata jami'a, tsohuwar farfesa da ta yi shekara arba'in tana haska kiristal, don ta zauna a kujerar gaba ta yi tafi.

Saura kwana uku Farfesa ya kira Dakta ofis. Yana cikin nishaɗi, har ya ce ta zauna.

"Na yi tunani," ya ce. "Ba a ce ba ki yi komai ba. Kafin a buga, zan sa ki ta biyar. Kwamitin ƙarin girma zai zauna ƙarshen wata, wasiƙar mujalla ta ishe ki."

Ya juyo mata da takardar. Ga gurbin nan bayan sunan wani ɗalibi da ya yi wata huɗu a wurin. Ta san kwamitin, ba sa karanta maƙala, ƙirgawa suke yi. Kafin wani ya farga ta shige, kuma ba a cika sauko da wanda ya riga ya hau ba. Sai dai duk wanda sunansa ke kai, ƙwan nasa ne. Kuma a jikin takardar an rubuta ƙarara wanda ya yi tacewa, da sabuwar hanyarsa mai sauri, Farfesa da kansa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar.

"Na gode, ranka ya daɗe, amma ban cancanta ba. Ban taɓa wannan kiristal ba ko da ɗan yatsa. Aikin Suruki ne, kada a rage masa."

"Kin tabbata? Sai baɗi fa."

"Allah ya kai mu."

Ya dube ta da tausayi. Daga baya aka ji yana ba wa wasu labarin tawali'unta.

Ranar lacca zaure ya cika. Matar Farfesa da 'yarsa suna layi na biyu, shugaban jami'a ya aiko mataimakinsa. Dakta ta zauna a tsakiya, inda ake ganin allo da fuskar mai magana gaba ɗaya. Farfesa ya yi minti ashirin a kan kaska, goma a kan kansa, sannan ya yi bayanin yadda tsofaffin hanyoyi suka ɓata wa ɗakinsa shekara bakwai. Hoton kiristal ya fito, aka yi tafi. Jadawalin lambobi ya biyo baya.

Baƙuwar ta gyara tabarau. Ba ta jira lokacin tambaya ba.

"Farfesa, dakata. Koma baya kaɗan. Saba'in da tara, saba'in da tara, talatin da takwas?"

"Haka ne, ma'aunin kiristal ɗin ke nan."

"Da me kuka fasa bakteriyar?"

Farfesa ya dubi Suruki. Suruki ya miƙe ya faɗa.

"Kuka tace sau nawa?"

"Sau ɗaya, ranki ya daɗe. Sabuwar hanya ce."

"Ɗana," ta ce, ba tare da mugunta ba, "ƙwai ka haska. Waɗannan lambobin ko a mafarki aka tashe ni zan karanto maka su."

Ɗaliban aji biyu ne suka fara, daga can baya, don su kaɗai ne a zauren suka ga abin da idonsu a watan da ya wuce. Dariyar ta gangaro layi layi. Mataimakin shugaban jami'a bai gane ba, ya tambayi na kusa da shi, aka yi masa bayani, ya rufe baki da takardar shiri.

Farfesa ya riƙe makirufo da hannu biyu. "Wato, aikin tacewa a ɗakinmu, shekara da shekaru, Dakta ce ke..."

"Wace Dakta?" Baƙuwar ta ɗaga maƙalar. "Ban ga mace a nan ba. An ce wannan saurayin ne ya tace."

Dakta ta kalli gumin da ke gangarowa daga bayan kunnen Farfesa zuwa wuyan riga, ta bi shi da ido har ya ɓace.

Aka janye maƙalar. Kwamiti ya zauna ƙarshen wata, ya ƙirga nata, ya ga saura ɗaya, ya ce sai baɗi.

Ranar Litinin Farfesa ya hau hawa na biyu da ƙafarsa, abin da masu shara suka ce ba su taɓa gani ba. Ya same ta a ajin gwaji, ya jira ɗalibai suka fita.

"Kin sani," ya ce.

"Ni da aka ce in huta, ranka ya daɗe?"

"Baƙuwar ta ce za ta karɓi kiristal ta haska mana da kanta, in na gaske ne. Ina so ki koma kan aikin."

"Sunana na farko. A rubuce, yau, da kwafi ga shugaban sashe."

"Na farko?"

"Ko a bar wa Suruki, ya fi ni sauri."

Ya zauna a kan kujerar ɗalibai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya rubuta a takardar da ta yago masa daga littafin darasi. Ta karanta sau biyu, ta nuna masa inda ya manta kwanan wata.

"To yaushe za mu samu?" ya ce.

Ta san furotin ɗin fiye da kowa a duniya, kuma ba ta da wani dalili na zaton zai canja hali a shekara ta takwas. Mai yiwuwa sunanta ya zama na farko a maƙalar da ba za a taɓa rubutawa ba. Ta ninke takardar ta sa a aljihu.

"Ka riƙa leƙowa duk Litinin, ranka ya daɗe," ta ce. "In da labari zan gaya maka."