Ɗigon Jini Cikin Ƙwai

Ƙwai huɗu na samu a duk faɗin garin Isa ran nan da safe, huɗu rak, kuma sai da na yi sallama gida goma sha ɗaya. Bazara ce, zabi ba su fara ƙwai ba, kaji kuwa zafi ya hana su komi sai buɗe baki a gindin rumbu.

Ni ne Kalilu, kukun likitan shanu. Sunansa na gaskiya Hashil wani abu, harshena bai taɓa iya juya ƙarshen ba, Fulani dai Mai Allura suke ce mishi. Bayahude ne daga wata ƙasa can bayan Jamus. Yaƙi ya raba shi da gida, Turawan Ingila sunka ba shi aikin yi wa shanu allurar bushiya tun daga Isa har bakin iyakar Faransi. Shekara uku ina dafa mishi.

A Burkusuma zazzaɓi ya kayar da shi, ƙarti huɗu sunka ɗauko shi bisa gadon tafiyarsa har barikin Isa. Kwana biyar ke nan ba abin da ke zama cikinsa. In na ba shi romo shi dawo da shi, shayi ma haka. Burodi da kunu kuwa ko kallonsu ba ya yi, don makon sallarsu ne, wadda suke tuna fitar Annabi Musa da mutanensa daga hannun Fir'auna. Kwana takwas ba su cin abin da anka bari ya kumbura ko ya yi tsami. Kafin sallar sai da ya sa na share madafa ƙal, na kyautar da sauran fulawa, na ƙona kaskon suya har ya yi ja. Abin da suke ci wata busasshiyar gurasa ce mai ƙananan huda, matso yake ce mata. Daga Ikko anka aiko da ita cikin kwali, gara ta cinye rabi a hanya. Falle biyu sunka rage.

Malam Alhassan mai ba da magani ya same ni bakin murhu tun rana ba ta fito sosai ba.

"Kuku," ya ce, "motar Yari direba za ta tashi da hantsi, za mu kai shi Kaura shi hau jirgin ƙasa zuwa babban asibiti. Amma in bai sa komi a ciki ba kwinin ba ya zama. Hanyar ga ka san ta, ka san ranar ga. Da cikin wofi, gawa za mu sauke."

"To ni mi za ni yi, Malam? In ɗura mishi kamar ɗan jinjiri?"

Muna cikin haka sai munka ji muryar Likita daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa. Na shiga. Ya rame har ƙashin kuncinsa ya fito, idanun sun yi rawaya.

"Kalilu," ya ce, "matso da ƙwai. Da zuma. Irin na bara."

Wallahi ban san lokacin da na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Karo na fari ke nan da ya nemi abu da bakinsa. Shi ya sa na fita da gudu neman ƙwai.

Bara ya koya min girkin da hannunsa. A kakkarya gurasar, a jiƙa ta da madara kaɗan, a matse, a juya ta cikin kaɗaɗɗen ƙwai, a soya da man shanu, a zuba zuma bisa. Abu mai sauƙi, ko makaho ya iya. Sai dai akwai ƙa'ida guda da ya ja kunnena a kai har sau uku: kowane ƙwai a fasa shi shi kaɗai cikin kofin gilashi, a ɗaga a duba. In da jini, ko ɗigo ne, ba su ci. A zubar.

Ga inda na yi wauta, ni da furfurata. Don ɗoki, ina dawowa na kakkarya falle biyun nan duka na zuba musu madara, kafin in fasa ko ƙwai ɗaya. Wane irin kuku ke jiƙa abin da ba shi da na biyu bai duba mahaɗinsa ba? Irina, ran nan.

Na fasa na fari. Wari ya buge ni har na ja da baya. Na wanke kofi, na fasa na biyu, sai ga jijiyoyi ja sun bazu, ɗan tsako har ya fara. Ba laifin kowa ba ne, kajin gari da zakaru suke yawo, ga zafi, ƙwai ya kwana biyu ya fara zama kaza. Na uku, ɗigo ja a tsakiyar gwaiduwa. Na riƙe na huɗu a hannu na daɗe ina mishi addu'a kamar shina ji. Na fasa. Shi ma da nashi.

Na zauna bisa turmi.

Malam Alhassan ya leƙa kofin ya ce, "Haba Kuku, wannan ɗan abin? Sa cokali ka ɗebe. Wa za shi gaya mishi? Mutumin da ko fuskata ba ya gani sosai."

"Malam, rufa min asiri."

"Rai fa ake magana."

Na san gaskiya gare shi, shi ya sa ma na ji haushinsa. Amma mutumin ga, duk azumi ragowar abincin jiya yake ci da rana, da sanyinsa, don kada in tsaya gaban wuta da bakina a bushe. Bai taɓa bari naman alade ya shigo madafata ba, ko Baturen da ya fi shi girma ne ya kawo. Shi ne yau za ni saka wa da haramunsa a ɓoye, shina kwance ba ya iya dubawa? Zuciyata ta ƙi.

Na dubi kwanon gurasa. Ta fara laushi, gefenta na narkewa. A zafin ga, madara ba ta jiran kowa, in ta juya ta yi tsami shi ke nan, an yi asarar duka. Na tsiyaye madarar, na matse gurasar, na ɗora kwanon bisa bakin randa inda ke da ɗan sanyi.

Sai na tuna Larai, wata tsohuwa da ke bayan bariki. Ɗazu ta ce min jar kazarta ba ta yi ba tukuna, sai da hantsi take yi. Ƙwan da ya fito yanzu-yanzu, ina za shi sami lokacin yin jini? Na kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya cire ban tsaya ba.

"Inna Larai, kazar ga ta shiga?"

"Ta shiga akurki yanzu. Lafiya kake haki kamar an koro ka?"

Na durƙusa bakin akurki na zura kai. Kaza ta dube ni da ido ɗaya, na dube ta. Ta gyara zama. Ba ta yi komi ba. Daga can bariki na ji Yari ya tayar da mota, ya danna ƙaho har sau biyu.

"Yi mana, 'yar albarka," na ce mata. "Yi, don Allah don Annabi."

Larai ta riƙe haɓa. "Oh ni! Ƙato da gemu ka tsare kaza da ido, ina za ta saki jiki? Kai in an tsare ka haka ka iya? Juya mata baya!"

Na juya mata baya. Ni Kalilu, da na dafa wa Razdan abinci a Sakkwato, ina tsugune cikin kashin kaji na ba kaza baya don kada ta ji kunya. Gumi na bin ƙeyata. Ina lissafin gurasar can bakin randa, ina lissafin numfashin mutumin can cikin ɗaki. Inuwar danga tana ta janyewa daga ƙafata. Ƙaho ya sake kuka.

Can sai kaza ta ɓarke da kyarkyara. Na zura hannu ta sare ni a yatsa, ban ko ji ba. Ƙwan da ɗuminsa, har da ɗan danshi. Na dunƙule shi a tafin hannu na ruga, Larai na kira a bayana wai in gaishe da mara lafiya.

A madafa na fara ɗanɗana gurasar a bakin harshe. Ba ta juya ba, amma saura ƙiris. Na ɗora kasko, na sa man shanu. Na wanke kofi na goge, na yi bisimilla, na fasa.

Gwaiduwa ta tsaya cur, farin ya kewaye ta garau. Har na fara murmushi. Na ɗaga kofin wajen hasken ƙofa, na juya shi a hankali yadda ya koya min. Sai ga shi a gefe, ƙarami, bai kai ƙwayar gero ba. Ja.

Inna lillahi. Ashe wani ƙwan tun daga cikin kazar yake fitowa da abinsa.

Malam Alhassan na tsaye bakin ƙofa. Man shanu ya narke ya fara ƙara. Ba wata kaza, ba wata gurasa, ba wani lokaci. Na ɗauki ƙaramin cokali, na ɗebe ɗigon da ɗan abin da ke kewaye da shi, na yarfa cikin wuta. Na kaɗa ƙwan, na juya gurasar ciki, na zuba a kasko. Ta yi ja a ƙasa na juya ta. Na kwashe, na tsiyaya zumar Tozai bisa, ta bi gefe tana narkewa. Ƙamshi ya cika bariki, ni kuwa ji nike kamar na yi sata.

Na tayar da shi zaune, na jingina shi da matashi biyu. Ya lumshe ido ya ja ƙamshin, leɓensa na motsi da wata magana cikin harshensu. Na ɗebo cokali ɗaya na hura, na kai bakinsa. Har ya fara buɗewa, sai ya tsaya.

"Kalilu. Ka duba ƙwan?"

Malam Alhassan ya yi gyaran murya a bayana. Kalma biyu kawai ake nema gare ni: babu komi. Na buɗe baki in faɗa, ta ƙi fita.

"Na duba, Likita. Da jini. Ɗigo ɗaya, na cire shi da cokali."

Ya rufe baki. Ya kawar da kai wajen bango.

Nan fa raina ya ɓaci, na manta wane ne maigida wane ne kuku.

"A'a, juyo nan! Ƙwai biyar na fasa. Gida goma sha ɗaya na bi. Na tsuguna wa kaza kamar mai neman gafara. Babu wani ƙwai a garin ga, babu wata gurasa, wagga ita ce ta ƙarshe. Ban yi maka ƙarya ba, kuma ba za ni wanke kwanon ga da abinci cikinsa ba. Ni na cire, ni na soya, ni ke riƙe da cokali. In da zunubi a rubuta shi a kaina, na ɗauka. Kai dai buɗe baki!"

Muryata ta karye a ƙarshe, abin kunya, hawaye na bin gemuna. Cokalin na nan a tsaye tsakaninmu, zuma na ɗiga bisa zanen gado.

Ya daɗe shina kallon bango. Sa'an nan ya juyo a hankali, ya dubi cokalin, ya dube ni.

"Uwata ma haka take yi," ya ce. "In babana ya juya baya. Mu bakwai ne, ƙwai ya yi tsada."

Shekara biyu ke nan ba wasiƙar da ta zo daga uwar tasa, kuma duk bariki ba mai ambatonta. Ya buɗe baki. Na sa mishi. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, munka tsaya ni da Malam ba mai numfashi muna jiran mu ga ko lomar za ta dawo. Ba ta dawo ba. Ya sake buɗe baki da kansa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, shina taunawa.

A cokali na huɗu Yari ya sake danna ƙaho. Na miƙa wa Malam kwanon, na leƙa ta taga.

"Kai Yari! Ka sake taɓa ƙahon ga sai na fasa maka kai da muciya. Mutum na cin abinci!"